Dokar TETFund: ina rabon masu tarihi, harshe da adabi a kuɗin na'urorin zamani?

Duk jami'ar gwamnati da ka shiga a Najeriya sai ka ga gini mai ɗauke da sunan TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, shi ya sa mutane da yawa suka ɗauka asusun na magina ne da masu ɗakin gwaje-gwaje. Dokar da ta kafa shi ta fi haka faɗi, kuma malaman tarihi da harsuna da adabi su ne suka fi yin asara in ba su karanta ta ba.

Asusun ya samo asali ne daga yarjejeniyar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU da gwamnatin soja a 1992, wadda ta haifar da doka mai lamba 7 ta 1993. Ita ta ɗora wa kamfanoni harajin kashi 2 cikin ɗari na ribarsu don ilimi. A 2011 aka sake dokar, aka taƙaita kuɗin ga manyan makarantun gwamnatin tarayya da na jihohi. Harajin ya hau zuwa kashi 3 a 2023, sannan dokokin haraji na 2025 suka haɗe shi cikin harajin raya ƙasa na kashi 4, rabinsa na TETFund. Jami'o'i suna ɗaukar rabin abin da ake rabawa, kwalejojin fasaha da na ilimi su raba sauran daidai wa daida.

Sashe na 7 na dokar 2011 ya lissafa inda za a kashe kuɗin: gine-ginen koyarwa, kayan koyarwa da na'urori, bincike da wallafa, horar da malamai, da duk wata buƙata da hukumar amintattun asusun ta ga ta zama dole. Babu inda aka ce na masu kimiyya ne kaɗai. Kyamarar ɗaukar hoton tsohon kundi kayan koyarwa ce, haka na'urar naɗar muryar mawaƙin baka, haka kwamfutar da za a adana su.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda kuɗin ke isa. Kason shekara-shekara kowace makaranta da nata, ita ke tsara abin da za ta yi da shi. Kayan aikin masanin tarihi kuwa a warwatse suke. Mai nazarin rubuce-rubucen malaman jihadin Sakkwato, na Larabci da na ajami, zai sami wani kundi a Gidan Arewa da ke Kaduna, wani a Jami'ar Bayero, wani a ɗakin karatu na Kenneth Dike a Ibadan, wani a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Kwafi biyu na waƙa ɗaya kan saɓa a baiti ko kalma, kuma sai an jera su ake gane wanda ya fi kusa da asali. In kowace jami'a ta ɗauki hoton nata ta kulle a kwamfutar ofis, ɗalibin digiri na uku zai ci gaba da biyan kuɗin mota kamar ba a yi komai ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin takardun suna tsufa, gara da danshi ba sa jiran kowa.

Ƙofar haɗin gwiwa mafi faɗi ita ce Asusun Bincike na Ƙasa da TETFund ke gudanarwa. Gasa ce ake shiga da tsarin bincike, kuma ilimin ɗan Adam da zamantakewa rukuni ne mai zaman kansa a cikinta, ga kuma rukunin binciken da ya ratsa fannoni. Ke nan malamin Hausa a Zariya da masanin kwamfuta a Kano da ma'aikacin laburare a Sakkwato za su iya shigar da buƙata ɗaya. Hanyar da bayanan za su bi ma an shimfiɗa ta tun 2014, lokacin da aka ƙaddamar da NgREN, layin intanet da ya fara da haɗa jami'o'in tarayya 27. A ɓangaren koyarwa, manhajar karatu da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta fitar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta, wanda ya isa a saka darasin adana kundi a na'ura, malamai daga jami'o'i biyu ko uku su koyar da shi tare.

Akwai iyaka. Jami'o'i masu zaman kansu ba su da kaso. Cibiyar Waziri Junaidu ta gwamnatin jiha ce, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna kuma ba makaranta ba ne, don haka sai ta hannun wata jami'a aikinsu zai samu shiga. Kundaye masu yawa kuma suna gidajen malamai, gadon iyali ne, kuɗin gwamnati bai ba kowa ikon ɗaukar hotonsu ba tare da yardar magada ba. Kafin a sayi na'ura ko ɗaya, sai jami'o'in sun rubuta yarjejeniya a kan wanda zai riƙe hotunan, wanda zai iya buɗe su, da wanda zai biya kuɗin wuta da gyara bayan tallafin ya ƙare.