Ƙarfen da ba ku san asalinsa ba, dan Allah ku bar shi inda yake

Jama'ar Arlit da Akokan, wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya. Duk zagayen rigakafin da muka fita sai na tarar da bututu ko durom ɗin da aka kwaso daga wajen haƙar ma'adinin yuraniyom a cikin gida, wani an yi azara da shi, wani an zuba ruwan sha, kwanan nan ma tukunya na gani maƙeri ya ƙera, uwar gida tana tuƙa tuwo a ciki da goyo a baya. Na tambaya ina aka samo ƙarfen, aka ce wajen 'yan gwangwan, da araha. Haba iyayena!

Irin wannan ƙarfen yana iya ɗauke da tururin nukiliya mai cutar da jiki, shi kuwa ba ya wari, ba a ganinsa, wanki da omo ba ya fitar da shi. Ko man nukiliyar da tashar lantarki ta gama amfani da shi bai mutu ba, Faransa tana sake sarrafa shi a La Hague ta mayar cikin tashoshi, Tarayyar Sobiyet kuma ta ciri wani sinadari daga irin wannan sharar ta yi batura masu ba da wuta da zafinsu kawai. A Disambar 2001 a ƙasar Jojiya wasu mutum 3 masu neman itace suka tsinci abin da ake sawa a cikin irin baturan nan, guda 2, a daji, ƙanƙara ta narke kewaye da su, sai suka ce ga abin jin ɗumi, suka kwana da su a bayansu. Cikin 'yan awoyi amai, daga baya fatar baya ta ƙone, ɗaya a ƙarshe ya rasu.

Namu bai kai wancan ƙarfi ba, na sani, amma a hankali yake ci, shekara da shekaru, kuma yara ne ke wasa a kai. An rufe ma'adinin Akokan a 2021, tulin sharar da ya bari kuwa yana nan.

Na san talauci ne, nima nan nake zaune, amma ku daina kwasowa. Wanda ke gida kar a yanka, kar a narka, kar a kankare, a fitar da ruwan sha da abinci daga ciki, a hana yara zuwa wajen, a gaya wa mai unguwa ko a zo asibiti a same mu don a nemo masu na'urar awo. Maƙera, ku ma da ku nake, ku tambayi asalin ƙarfe kafin ku sa shi a wuta.