Kayan ɗinkin hannu da saƙa a birnin Kano

Kayan ɗinkin hannu su ne allura, zare, yadi, zanen da ake bi, da ƙananan kayan aiki irin su almakashi, alli da tef na awo, waɗanda masu surfani, masu ɗinkin hula, masu aikin babbar riga da masu saƙar ulu suke amfani da su. A Kano akwai waɗanda wannan aiki ne abincinsu, akwai kuma masu yi don sha'awa, galibi matan aure, ’yan mata da ɗalibai. Kasuwa ɗaya dukkansu suke shiga, ƙa'ida ɗaya kuma take kansu: sai allura da zare da yadi sun dace da juna aiki yake kwanciya. Yawancin aibin da ake ɗora wa hannun mai ɗinki tun a wurin saye aka ɗauko shi.

Tarihi

Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ita ce tsohuwar cibiyar wannan ciniki. Zaren gida na auduga ne, mata suke kaɗa shi da mazari: mai kauri shi ne abawa, siririn kuma arafiya. Zaren alfarma kuwa iri biyu ne. Tsamiya ana samun ta ne daga gidan wasu tsutsotsi da suke taruwa su yi saƙa a bishiyar tsamiya ko doka. Akan dafa gidan da ruwan toka har danƙonsa ya fita, a shanya, sannan a kaɗa shi kamar yadda ake kaɗa auduga. Launinta tsakanin fari da ƙasa-ƙasa ne, kuma yawanci haka ake barinta. Alharini, mai ja mai ratsin shunayya, fatake ne suke kawo shi ta hamada daga Tarabulus da Gadamas, a Libiya ta yau. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya lissafa allurai daga Nurembag ta Jamus cikin hajar da ya gani a kasuwa. Ke nan shigowar kayan ɗinki daga waje ba abin yau ba ne.

Yau tsamiya ta gaske ta yi wuya ta kuma yi tsada, alharini kuwa sai a tsofaffin riguna da gidajen tarihi.

Inda ake samun kaya

Kantin Kwari ta yadi ce: shadda, atamfa, leshi, akoko da farin yadi. Kurmi ta fi ƙarfi a huluna, zaren gargajiya da kayan fata. Allura, zaren kamfani, ulu, kwarashi, maɓallai da duwatsun ado an fi samunsu a kasuwar Sabon Gari da ta Ƙofar Wambai, sai ƙananan shagunan kayan teloli a unguwanni, waɗanda suke saya a sari su sayar ɗai-ɗai. Wanda yake son zare ko yadi mai rinin baba yakan kai marinar Ƙofar Mata a rina masa.

Zare

Nan ne aka fi yin asara, domin zaruruwa huɗu masu hali daban-daban suna iya zama a tire ɗaya, kowanne mai shago yana kiransa siliki in dai yana sheƙi.

Zaren auduga mai sili shida shi ne na surfanin gida: matashin kai, zanin gado, rigar yara, mayafi. Ɗauri ɗaya na manyan kamfanoni irin su DMC na Faransa da Anchor mita 8 ne. Ba a ɗinki da shi dunƙule sai a aiki mai kauri. Akan yanke kamu ɗaya, wato daga kan yatsa zuwa gwiwar hannu, a zaro sili ɗaya-ɗaya, sannan a haɗa biyu ko uku a zura. Zarowa ɗaya-ɗayan ita take warware murɗin, zaren ya kwanta sumul. In aka fizgo uku lokaci guda, sauran sukan cukurkuɗe. Tsawon da ya wuce kamu ɗaya kuma yakan tsefe tun kafin ya ƙare, saboda yawan gogar yadi. Kowane launi yana da lamba a jikin takardarsa: a DMC, 310 baƙi ne, 321 ja ne. Lambar wani kamfani ba ta aiki a wani, don haka a ajiye takardar har aiki ya ƙare.

Akwai na auduga mai murɗi, wanda ba a raba silinsa, ana sayar da shi a ƙananan dunƙule masu lamba 5, 8 da 12. Lamba in ta yi sama, zare ya yi siriri. Ya fi dacewa da ɗinkin da ake so ya taso, kamar zagayen ƙananan huji da bakin aljihu.

Na uku shi ne rayon, wani zaren kamfani mai kama da siliki, mai tsananin sheƙi da santsi. Yana da kyau a ido, amma yana sulɓewa daga kafar allura, kuma ƙarfinsa yana raguwa in ya jiƙe, shi ya sa hular da aka ɗinka da shi ba ta son dirza da buroshi mai tauri. Na huɗu shi ne na roba, foliyesta, mai ƙarfi da riƙe launi, sai dai dutsen guga mai zafi yana narkar da shi.

Gwaji biyu suna raba gardama. Na farko da ashana: auduga da rayon suna ci da sauri, da warin takarda, su bar toka mai laushi. Na roba yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri. Tsamiya ta gaske tana warin gashi da ya ƙone, abin da ya rage kuma yana marmashewa a yatsa. Na biyu da ruwa: a jiƙa ɗan guntun zare, a matse shi cikin farin ƙyalle na ɗan lokaci. In ya bar alama, zai zuba a wanki. Ja, baƙi da shuɗi mai duhu su suka fi zuba, kuma jan zare mai araha a kan farar shadda shi ne babban misalin abin da Hausawa suke nufi da araha ba ta ado.

A sayi duk zaren da aiki zai ci a lokaci ɗaya, a ƙara ɗauri ɗaya ko biyu. Lamba ɗaya daga rini biyu tana iya bambanta kaɗan. Ba a gani a cikin shago, sai an baza rigar a rana.

Allura

A allurar hannu ma lamba mai yawa tana nufin siririya. Allurar surfani tana da tsini da doguwar kafa, lambarta daga 1 zuwa 10, kuma lamba 7 tana ɗaukar sili biyu zuwa uku. Allura marar tsini, wadda lambarta take kamawa daga 13 zuwa 28, ta yadi mai ramuka ce da haɗa saƙar ulu, domin tana bi tsakanin zaruruwa ba ta tsaga su. Basilla ta fata ce da buhu.

Aikin allura shi ne ta buɗe hanyar da zare zai wuce ba tare da ya gogu ba. In ta yi ƙanƙanta, za a ji zaren yana ƙara a duk ja, ya yi gashi-gashi, sheƙinsa ya dushe. In ta yi girma, ta bar huji a gefen kowane ɗinki, kuma a shadda wannan huji ba ya rufewa. Allurar da ta fara tsatsa, abin da yake yawa da damina, a yar da ita: tabonta ba ya fita daga farin yadi. Mai ɗinka yadi ninki biyu ko uku yana bukatar ɗan murfin ƙarfe ko fata a yatsan da yake tura allura.

Yadi da zane

Akoko da farin yadin auduga suna tsukewa a wankin farko, don haka akan wanke su a goge kafin a fara. In ba haka ba, yadin zai tsuke ya bar zaren, aikin ya tattare. Shadda ba haka take ba. Ba a wanke ta kafin ɗinki don kada sheƙinta ya tafi, wanda ke nufin duk layin da aka zana a kanta dole zare ya rufe shi ruf. Biro shi ne abin da aka fi zana da shi, shi ne kuma mafi haɗari, domin tawadarsa tana nasowa in ta haɗu da gumi ko ruwa. Fensir mai kaifi ya fi aminci a yadi mai haske, alli kuma a mai duhu.

Masu aikin riga da hula galibi a hannu suke riƙe yadi, ba su sa shi a firam. Wannan sai da hannun da ya saba, domin ɗan ƙarin ja kaɗan yana yamutsa wurin. Mai koyo ya fi samun sauƙi da zoben katako mai faɗin inci 6 zuwa 8, a ɗame yadin a ciki, a kuma cire shi duk lokacin da aka tashi daga aiki don kada ya bar shaida.

Littattafai da samfura

A al'adar Kano zane ba daga littafi yake fitowa ba. Mai zane ne yake zana shi a kan rigar da alƙalami da tawada, kuma da yawa daga masu wannan aiki a da malaman allo ne, hannun da ya saba da zayyana. Sunayen zanen su ne ma'ajiyarsa: aska biyu, aska takwas, tambari, dagi, gidan biyar. Mai riga ya faɗi suna, mai zane ya san abin da ake nufi. Masu hula kuma sukan ajiye tsohuwar hula ko guntun samfuri su ƙirga daga jikinsa. Yanzu hoton waya ta WhatsApp ya shiga wannan gurbi, ko da yake hoto ba ya nuna bayan aiki, inda ake gane yadda aka bi da zare.

Rubuce-rubucen da aka yi kan surfanin Hausa yawancinsu na masu bincike ne, da Turanci. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya wallafa The Arts of the Hausa a 1976, lokacin wani baje kolin kayan fasahar Hausa a Landan. Irin waɗannan suna da amfani wajen sanin sunaye da siffofin zane, amma ba sa koya wa mutum riƙon allura.

Littattafan koyo kuwa na waje ne, ana tsintarsu wajen masu tsofaffin littattafai ko a sauke daga intanet. Zanensu gida-gida ne, kowane gida ɗinki ɗaya, kowace alama launi ɗaya. Girman aikin ya dogara da yadin. Yadi mai ramuka lamba 14 yana da gida 14 a inci ɗaya, saboda haka zane mai gida 140 zai ci inci 10. A ƙara inci 3 a kowane gefe, a yanka inci 16. Sili biyu da allura marar tsini lamba 24 su ne daidai da shi. Wanda yake son tsara nasa zanen, littafin lissafi mai gida-gida na ’yan makaranta ya ishe shi.

Saƙar ulu

Kasuwar ulu tana tashi ne gab da hunturu, lokacin da ake neman hula, safa da rigar sanyi ta jarirai. Abin da ake kira ulu a shaguna kusan duk na roba ne, ba gashin tumaki ba. Yana jure wanki, amma ba a ɗora masa dutsen guga, domin yana lanƙwamewa ya saki, ba ya kuma komawa. Dunƙule yakan zo gram 50 ko 100. Hular jariri ba ta cinye gram 50, rigarsa kuwa takan ci 100 zuwa 150.

Kwarashi da kibiyar saƙa da milimita ya kamata a neme su, domin lambobin ƙasashe suna saɓa wa juna. Kibiya mai milimita 4 lamba 8 ce a tsohon lissafin Ingila, lamba 6 a na Amurka. Haka sunayen saƙar kwarashi: suna ɗaya yana nufin gajeren ɗinki a littafin Ingila, dogo a na Amurka. Wanda ya bi littafin Ingila da fahimtar Amurka zai ga rigarsa ta zarce tsawon da aka faɗa nesa ba kusa ba. Maganin duka biyun shi ne a fara saƙa gwaji mai santimita 10 tsawo da faɗi, a ƙirga, a gwada da abin da littafin ya ce. In ɗinkin ya fi yawa, hannun ya matse, a ɗauki kwarashi mafi kauri. In ya gaza, a ɗauki mafi siriri.

Hula

Hula gida biyu ce: zagaye da kai. Ana auna kan mai ita da tef a saman kunne, kuma na manya yawanci tsakanin inci 22 da 23 yake. Yadin zagayen ninki biyu ake yi, a yanka shi da rara, domin cikakken ɗinki yana cinye yadi, kuma gwargwadon cikar aikin gwargwadon tsukewarsa. Sai an gama ɗinkin ake sake aunawa a haɗa baki. Wanda ya haɗa tun farko bisa awon kai zai ƙare da hular da ba ta shiga. Wurin haɗin ma akwai lura: zanen ya kamata ya ƙare a inda ya fara, don haka ake ƙirga maimaicinsa tun a takarda, ba a tsakiyar aiki ba.

Bayan ɗinki sai wanki. Masu wankin hula suna wanke ta da sabulu da buroshi, su sa mata sitaci, su kifa ta a gungumen katako daidai awonta ta bushe. Gungume mai girma yana buɗa ta, ƙarami yana barinta da lanƙwasa. Hula mai launuka masu duhu a juya cikinta waje ko a shanya ta a inuwa, domin rana mai zafi tana koɗar da ja da shuɗi tun kafin zaren ya tsufa.