Don Allah a raba yaro mai tarin dare da kyanwa da tattabaru

Tun shigowar sanyin bana nake ganin irin yaran nan a asibitinmu na karkara: atishawa ba ƙaƙƙautawa, majina kamar ruwa, ido ja yana ƙaiƙayi, da dare kuma tari da ƙarar ƙirji har gari ya waye. Babu zazzaɓi. Uwa ta ce mura ce ta ƙi jin magani. In na tambaya wa ke kwana a ɗakin, sai a lissafo yara. In na matsa, sai a ce ai kyanwa ma a kan bargonsa take kwana, ko akwai tattabaru a ƙarƙashin gado, ko an shigo da 'yan awaki saboda sanyi.

To wannan ba mura ba ce. Jikin wasu ne ba ya shiri da dabba, haka Allah ya halicce su, kuma abin yakan bi jini, musamman gidan da ake da asma ko borin jini. Ba gashin kyanwa kaɗai ne matsalar ba. Yawunta ne da take lashe jikinta da shi, da ɗan amosanin fatarta da ido ba ya gani. Su ke maƙalewa a katifa da bargo da labule, yaro ya kwana yana shaƙa. Tattabaru kuwa ƙurar gashinsu da busasshen kashinsu na iya lalata huhun babba ma, in ya daɗe yana shaƙa.

Iyayena mata, na san kyanwa tana mana maganin ɓera, na san tattabaru jarin yaran gida ne. Ban ce a kashe ko a wulaƙanta dabba ba. Cewa na yi kada ta kwana inda mai ciwon yake kwana. Sau nawa zan faɗa? Sai a ce min to, mako ya zagayo a dawo da yaro yana numfashi da ƙyar, kyanwa kuma tana nan a kan shimfiɗarsa. Haba jama'a! An je kemis an sayo Amoxil, an sayo Septrin, magungunan kashe ƙwayar cuta, alhali wannan ciwon ba ƙwayar cuta ba ce. Wasu har maganin nan dexa (dexamethasone) suke ɗura wa yaro don yana kwantar da abin nan take, ba su san yana kumbura fuska, ya raunana garkuwar jiki, ya tauye girma ba. Duk maganin da za a sha, muddin dabbar na ɗakin, zuba ruwa ne a kwando.

Malam maigida, kai ma da kai nake. Akurki da ɗakin tattabaru aikinka ne, a gina su can nesa da ɗakin kwana.

Sauran a gurguje: a wanke bargo da zanin gado, a shanya katifa da tabarma a rana. A yayyafa ruwa kafin shara, kuma ba mai ciwon ne zai share kashin tattabaru ba. Ya wanke hannu in ya taɓa dabba. Kada a ce an fitar da kyanwa jiya yau bai warke ba, burbushin yawunta da amosaninta kan yi watanni kafin su bar ɗaki. Atishawa da ƙaiƙayi akwai Piriton ko cetirizine, amma mu za mu auna gwargwadon shekarunsa, Piriton yana sa barci. Mai asma a riƙe masa abin shaƙarsa kusa, ba ya zama jaraba kamar yadda ake yaɗawa.

In kuwa kuka ga haƙarƙarin yaro yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, ya kasa magana ko shan nono, ko leɓensa ya sauya launi, ko fuska da harshe sun kumbura, kada a jira asuba, kada a tsaya turare. A nemi babur ko mota a kawo shi ko tsakar dare ne.