Haƙoran roba sun saki, laifin likita ne?

An daɗe ana ɗauka cewa idan aka yi wa mutum haƙoran roba na baki gaba ɗaya, an gama ke nan har abada, in kuwa suka fara motsi bayan 'yan watanni to likita ne ya yi aikin a gaggauce. Sau da yawa ba haka ba ne.

Ana iya auna bakin majiyyaci tun kafin a cire haƙoransa, a haɗa na roba, a saka masa a ranar da aka cire. Wannan yana da amfani ga wanda yake kwance a asibiti, domin majiyyacin da ba ya iya tauna abinci ramewa yake yi. Wasu asibitocin ma yanzu da kwamfuta suke zana haƙoran, inji ya sassaƙa su, a gama cikin zuwa biyu ko uku maimakon biyar da aka saba.

Amma ƙashin muƙamuƙi da ya riƙe saiwar haƙori, da zarar saiwar ta tafi sai ya fara zaizayewa, musamman a watanni 3 zuwa 6 na farko. Dasashi ya janye, roba kuwa tana nan yadda take. Shi ya sa ake komawa a ƙara ciko a cikinta, ko a sake sabuwa.

Kwana da su a baki kuma ba dabara ba ce. Wani bincike a Japan a 2015 ya nuna hakan yana ninka haɗarin ciwon huhu ga tsofaffi tukuf.