Ma'anar Steampunk: Tsohon Ƙarfen da Ya Koma Fitilar Falo

Ƙanwata da ke shirin tarewa a unguwar Yantala ta turo mini hoton wata fitila. Baƙin bututun ruwa ne aka lanƙwasa, aka ɗaura masa agogon auna ƙarfin iska, ga ƙwai yana reto a bakinsa da zare ja wur kamar garwashi. Ta ce, "Yaya, a ƙarƙashin hoton an rubuta steampunk. Mene ne shi?"

Kalmar Ingilishi ce mai gaɓa biyu. Steam shi ne tururi, wanda ya riƙa tura jirgin ƙasa da injinan masaƙa a Ingila zamanin Sarauniya Biktoriya, daga 1837 zuwa 1901. Punk kuwa na ɗauke da ma'anar bijire wa abin da aka saba. Marubucin Amurka K. W. Jeter ne ya haɗa su a 1987, cikin wasiƙar da ya aika wa mujallar Locus, yana neman suna ga labaran da ke hasashen yadda duniya za ta kasance da a ce ta ci gaba a kan injin tururi. Daga littafi salon ya shiga tufafi, sannan ya shigo ɗaki.

A adon gida, fitila ce ta fi ɗaukarsa. Ana neman wadda ta taɓa aiki a masana'anta ko jirgin ruwa, mai kejin ƙarfe ko murfin tasa, a haɗa ta da tagulla, jan ƙarfe, kan famfo da haƙoran inji. Ba a ɓoye noti ko tabon walda, domin su ne kwalliyar. Ƙwan kuma a sa mai kama da wanda Ba'amurke Thomas Edison ya ƙera a 1879, wanda ake ganin zarensa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, mu a Yamai ba baƙi ba ne a wannan aiki. Duk wanda ya ratsa kasuwar Katako ya ga yadda ganga ke komawa murhu, tsohon alminiyam ya koma tukunya. Hannun yana nan, suna ne kawai ya zo daga waje. Shi ya sa nake jin ciwo in ga an sayo sabuwar roba da aka shafa wa fentin tsatsa, alhali ƙarfe na gaske, mai nauyi da tarihi, yana jibge a rana.

Sai dai wuta ba ta san ado ba. Tamu bolt 220 ce, jikin fitilar kuma ƙarfe ne zalla. A cire tsohuwar waya gaba ɗaya, mai gyaran wuta ya sa sabuwa tare da wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa. Tsohon fenti na iya ƙunsar darma mai guba, kada a kankare shi kusa da yara. Kuma a zaɓi ƙwan LED mai siffar zare: na gargajiya kusan kashi 90 na wutar da yake sha zafi yake mayarwa, ga kuma zafin Afrilun Yamai.

Ranar Asabar muka je Katako da hoton. Wani dattijon maƙeri ya daɗe yana kallonsa, ya jawo kan famfon tagulla daga buhu, ya goge da bakin rigarsa har ya yi ƙyalli. Ya ce, "'Yata, wannan shi zai zama makunnin. Ki dawo jibi."