Ma'anar Koyo ta Hanyar Warware Matsala a Darasin Lissafin Kaso

Koyo ta hanyar warware matsala tsarin koyarwa ne da malami yake fara ajiye wa ɗalibai wata matsala ta zahiri kafin ya ba su ƙa'idar warware ta, sai su kasu rukuni-rukuni su tattauna, su gwada dabarunsu, shi kuma yana zagayawa yana yi musu jagora da tambayoyi. An fara aiki da shi a makarantar likitanci ta Jami'ar McMaster da ke Kanada a 1969, daga baya ya bazu har zuwa firamare.

A ganina, babu darasin da ya fi buƙatarsa kamar lissafin kaso, wato rabi da sulusi da rubu'i da makamantansu. Yaron da ya saba da cewa takwas ta fi huɗu yakan ɗauka 1/8 ya fi 1/4 girma, kuma idan aka ce ya haɗa 1/2 da 1/3, sai ya tara lambobin sama daban, na ƙasa daban, ya rubuta 2/5, amsar da ba ta ma kai rabin da ya fara da shi ba.

A wannan tsari, malama za ta iya cewa ga gurasa uku, ga yara huɗu, a raba ba tare da an ƙwari kowa ba. Wani rukuni zai raba gurasa biyu gida bibbiyu, ya yanka ta ukun gida huɗu, kowane yaro ya tashi da rabi da rubu'i. Wani kuma zai yanka kowace gurasa gida huɗu, kowa ya ɗauki yanka uku. Idan malamar ta tambaya yaran wane rukuni ne suka fi samu, gardamar da za ta biyo baya ita za ta kai su ga gano cewa 1/2 da 1/4 daidai suke da 3/4, kuma sai a lokacin ne za ta rubuta ƙa'idar a allo.

Kalmomin ma ba baƙi ba ne a kunnen yaranmu, domin suna jin sudusi da sumuni a rabon gado, suna jin ushiri a zakkar amfanin gona. Wahalar tsarin ita ce cin lokaci, musamman a aji mai cunkoso, kuma malamin da bai ware mintunan ƙarshe don ɗaure abin da yara suka gano da rubutacciyar ƙa'ida ba, zai tarar sun iya rabon gurasa amma sun kasa amsa 1/2 + 1/4 a takardar jarrabawa.