Tsarin Homon a Jikin Ɗan Adam

Tsarin homon, wanda likitoci ke kira endokirin, rukuni ne na ƙananan gaɓoɓi da ke haɗa wasu sinadarai su zuba su kai-tsaye cikin jini. Irin wannan gaɓa ita ake kira gilan, sinadarin kuma homon. Jini kan zaga da homon ko'ina, amma ba kowace ƙwayar halitta ke amsa kiransa ba, sai wadda ke da makarɓarsa, kamar yadda kowane kwaɗo yake da mabuɗinsa. Saƙon jijiya yakan isa cikin ƙiftawar ido. Na homon kuwa a hankali yake tafiya, aikinsa ya daɗe, shi ya sa girma da balaga da haihuwa suke hannunsa.

A shekarar 1902 William Bayliss da Ernest Starling suka gano homon na farko a Landan, wato sikiritin, wanda hanji ke fitarwa. Starling ne ya fara amfani da kalmar homon a 1905, daga Girkanci, ma'anarta zaburarwa.

Gilan ɗin fituwitari tana ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. Akan kira ta shugabar sauran, sai dai laƙabin ya ɗan yi mata yawa, domin ita ma daga haifotalamas, wani sashe na ƙwaƙwalwa, take karɓar umarni.

Babu inda hikimar tsarin ta fi fitowa fili kamar a tayirod, gilan ɗin da ke gaban wuya. Homon ɗinta ne ke ƙayyade saurin da jiki yake sarrafa abinci zuwa kuzari. Idan ya ragu a jini, fituwitari sai ta aika da wani homon nata mai suna TSH ta zaburar da ita. Idan ya wadata, sai ta sassauta. To amma tayirod ba ta iya haɗa homon sai da sinadarin aidin. In babu shi, fituwitari za ta yi ta matsa mata, ita kuma ta yi ta kumbura har wuya ya fito. Wannan shi ne maƙoƙo. Abin takaici ne a ce har yau ana fama da shi, alhali tun 1922 aka fara sanya aidin a gishiri a Suwizalan. Ga mai juna biyu ƙarancin ya fi muni, don yakan taɓa ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki.

Fankiriyas, da ke bayan tumbi, tana fitar da insulin mai rage sukarin jini da gulukagon mai ɗaga shi. Rashin insulin, ko ƙin jin sa da jiki ya yi, shi ke kawo ciwon sukari. Frederick Banting da Charles Best ne suka ware insulin a Toronto a 1921, aka fara yi wa majinyaci allurarsa a watan Janairun 1922. Kafin nan, yaron da ya kamu da nau'in farko na ciwon, wato na rashin insulin, ba ya daɗewa.

A saman kowace ƙoda akwai adirinal, mai fitar da adiranalin lokacin firgita da kuma kotisol. Ƙananan gilan guda 4 da ke bayan tayirod, wato faratayirod, suna daidaita sinadarin kalsiyam. Maraina na samar da testosteron, gidan ƙwan mace kuma estirojin da furojesteron. Can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai faniyal, wadda ke sakin melatonin idan duhu ya yi domin jiki ya shirya barci.